Malama Memuna da Ɗalibar da Ta Daina Zuwa Gida

Malama Memuna ɗinki take koyarwa a wata kwalejin horar da malamai mata da ke bayan unguwar Atonsu a birnin Kumasi. Haifaffiyar Zongo ce, unguwar baƙi, iyayenta 'yan ƙabilar Dagomba ne. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta haihu ba, kuma ba ta sake aure ba. Ɗalibai suna shakkarta, don in ɗinki ya karkace sai an farke shi.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Zongo ta hargitse. Kullum manyan motoci na fita shaƙe da mutane da tabarmi da tukwane.

Cikin 'yan ajin ƙarshe akwai Balki, yarinya mai surutu da dariya. Mahaifinta Buraima Bazabarme ne daga Nijar, yana sayar da goro. A wannan lokacin Balki ta yi shiru. Memuna ta lura tana tura wa ta kusa da ita abincinta, ta daina kitso, takan zauna gaban keken ɗinki ba ta taka shi. Ranar da ake sallamar ɗalibai su je gida, ita sai ta kwaso kayan da ba su yi datti ba ta hau wanki.

Memuna ba ta tambaye ta a gaban mutane ba. Ta kira ta da la'asar ta taya ta yankan yadi. Suna cikin aiki ta ce, "Balki, yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Malama."

"Na ga kin daina zuwa."

Balki ta ajiye almakashi. Ta ce, "Na je. Wasu na tarar a ɗakinmu. Sun ce an kwashe su Mma a mota. Malama, don Allah kada ki faɗa, ni ma za a kore ni."

Memuna ta ce, "Ba za a kore ki ba, a Kumasi aka haife ki. Amma dole shugaba ta sani, kuma tare za mu je."

Shugabar kwalejin, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Asante, ta saurare su, ta ce maganar ba za ta fita daga ofishinta ba. Ta yarda Balki ta riƙa yin hutu a gidan Memuna a unguwar Buokrom.

Memuna ta yi ta bin tasha tana tambayar direbobi. Daga ƙarshe wani mai suna Seini ya dawo da labari: Buraima ya isa garin Dosso a Nijar da ƙannen Balki, amma uwar ta kamu da zawo a wurin jira a kan iyaka, a can aka binne ta.

Memuna ce ta gaya mata da bakinta. Balki ba ta yi kuka ba. Washegari ta fara raba zannuwanta ga ƙawaye, har da takalmanta, tana murmushi.

Memuna ta tare ta. "Kina tunanin kashe kanki ne?"

Balki ta ce, "Na gaji, Malama."

Tun daga nan Memuna ba ta bar ta ita kaɗai ba. Ta kai ta asibiti da kanta, ta riƙa kai mata koko da ƙosai, ta zauna gefen gado ko da ba a magana. Jarrabawar ƙarshe ta wuce Balki tana kwance.

Da ta samu sauƙi, shugaba ta ce ta maimaita shekara. Balki ta ƙi, ta ce babu mai dafa wa ƙannenta. Memuna ta lallashe ta har ta gaji, sannan ta ɗinka mata riguna, ta damƙa ta a hannun Seini a daminar 1970.

Seini ya ce ya sauke ta a kasuwar Dosso, inda ya tarar da Buraima yana sayar da itace, ya rame har bai gane shi ba da farko. Wannan ne labarin Balki na ƙarshe da ya iso Buokrom. Memuna ta ci gaba da koyarwa har idonta ya daina ganin ramin allura.