Anti Tsaye da mintocin Baba mai sito

Shekara huɗu muna ofis ɗaya da Anti Tsaye, ban taɓa ganin ta zauna ba. Kujerarta ta zama wurin ajiye fayil da cajar waya. A tsaye take shan shayi, a tsaye take buga kwamfuta, ƙafa ɗaya tana dukan ƙasa. Mijinta, direban motar makaranta ne, yana cewa ko ranar da ya je zance sai da ya bi ta daga ɗaki zuwa madafa kafin ta saurare shi. Da buga takardu ta fara a kamfaninmu, ta koyi sauran aikin da kanta, har duk na'urorin gidan suka dawo hannunta. Ni akawun takardu ne, teburina yana bayan nata, kuma wallahi kallonta kaɗai gajiyar da ni yake.

A bara aka sa mana horo na mako takwas ta intanet, kowace Talata da Alhamis. Manaja ya kafa doka: duk wanda bai kai kashi saba'in na mintocin ba, a nemo wani a gurbinsa. Anti Tsaye ta rubuta ƴan layukan umarni a kwamfuta, waɗanda suke jawo rajistar kowane taro, su lissafa wanda ya shiga, da lokacin da ya fita. Ni na san dabarata. Ina shiga, in kashe kyamara da makirufo, in jefa wayar cikin durowa, in ci gaba da harkokina.

Da horon ya ƙare, ranar Litinin da safe ta fitar da jerin. Sunana ne a sama, kashi ɗari. Can ƙasa kuwa Baba mai sito ne, kashi tara. Dattijon nan shekara ashirin da ɗaya yana riƙe da makullan sito, ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

“Ba zai yiwu ba,” in ji ta, tana kai da komo tsakanin firinta da ƙofa.

“Anti, ai na'ura ba ta ƙarya,” na ce.

“Na'ura ba ta yi, ni da na rubuta mata fa?”

Ta buɗe ainihin rajistar. A taro guda Baba ya shiga sau goma sha tara. Layukanta kuwa shigar farko da fitar farko kawai suke ɗauka, su watsar da sauran. Ta ja ni muka sauka sito. A ƙasan gini yake, kantocin ƙarfe sun cika shi, sabis ba ya shiga sai ta wata ƴar taga can sama. Ƙarƙashin tagar akwai akwatin katako, tsakiyarsa ta lotsa saboda tsayuwar Baba a kai yana neman sabis. Baba ya ɗauko littafi cike da rubutun darussan horon, ya bar gibi a duk inda waya ta katse masa.

“Ƴata, kin ga wuraren nan da babu komai? So nake wani ya cike mini.”

Ya dube ni, tunda an ce ni ne na ɗaya. Na kama kallon kantoci.

Ta gyara layukan a yinin, ta sa su tattara duk shigar mutum. Sau uku tana sake gwadawa, tana cizon murfin biro, amsa ɗaya take fitowa: Baba kashi sittin da takwas. Ta hau wurin Manaja ta sauko, ta sake hawa.

“Ya ce lamba lamba ce,” ta faɗa mini. “Sai dai in na kawo wata lambar da ta fi wannan magana.”

Akwai kuwa. Rajistar tana ajiye tambayoyin da malamin horo yake jefowa a allo, da wanda ya amsa. Ta ƙara layi ɗaya a jerin. Baba ya amsa talatin da bakwai cikin hamsin. Ni ko ɗaya. Raina ya ɓaci, na ce mata wannan tonon asiri ne, wa ya sa ta?

“Ƙanena, ba zan iya saka nasa in ɓoye naka ba. In jerin zai tafi, duka zai tafi.”

Ta kwashe fayilolin daga kujerarta, ta zube su a ƙasa, ta zauna. Ta turo mini kwamfutar, saƙon da za a tura wa Manaja yana buɗe, saura a aika. Ƙafarta ta daina motsi. Zaman nan nata ya fi zagi yi mini ciwo, kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Na miƙa hannu na danna.

Makullan suna hannun Baba har yau. Ni na sha takardar gargaɗi, aka maimaita mini mako takwas ɗin, kyamara a kunne. A mako na biyu Baba ya hau matakala da littafinsa, ya ajiye mini a tebur, ya ce in na zo wuraren da ya rasa, in taimaka in cike masa.