Telan Bayan Kicin

Kafin a kawo shi gidan yari, Tela yana da shago a bakin kasuwa, keken ɗinki biyu, mata da 'ya'ya uku. Wani ya ba shi ajiyar bandir ɗin yadi, ashe na sata ne. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa: mutumin ya cika wandonsa da iska, 'yan sanda suka tafi da Tela.

Sau biyu kacal ya ga alƙali. A na uku aka ce motar fursuna ba mai. Daga nan aka canja wa alƙalin wurin aiki, fayil ya yi ɓatan dabo. Laifin, ko ya tabbata, ɗaurin shekara biyu ne. Tela ya shiga shekara ta shida yana jiran shari'a, ba lauya, ba mai tsaya masa.

Da gandurobobi suka gano hannunsa, sai suka ba shi keke a wani ɗaki bayan kicin. Kakinsu, kayan makarantar 'ya'yansu, duk shi ne, kyauta. Suna ƙara masa abinci, suna ce masa "namu". Allah ya raba mu da irin wannan ƙauna.

Sau ɗaya a shekara babban alƙali kan zo duba masu jiran shari'a. Akan jera su a fili, kowa ya faɗi kukansa. Wanda ba ya layi, ba a san da shi ba. Wata guda Tela ya yi yana haddace abin da zai faɗa. Ranar ziyara matarsa ta ce, "Baban yara, zan zo in jira ka a ƙofa."

Da safiyar ranar shugaban gandurobobi ya shigo da kaki a hannu.

"Tela, wandon nan ya yi min yawa. Rage shi maza, baƙi na hanya."

"Ranka ya daɗe, layi fa?"

"Haba, minti goma ne."

Ya fita ya ja ƙofa. Tela ya ji an datse kwaɗo.

Ta taga ya riƙa jin ana kiran sunaye. Mutum goma sha ɗaya aka sallama, har da waɗanda ba su yi rabin zamansa ba. Ya kifa kai a kan keken, ya yi kuka mai cin rai.

Sai la'asar wani ganduroba ya buɗe masa. Bai iya kallon idonsa ba.

"Matarka na ƙofa tun safe," ya ce. "Ta ce in tambaya ko kai ne na ƙarshen fitowa."