Lemun Kaka da Ruwan Alwala

Kaka ta baro Gidimuni a shekarar da kakanmu ya rasu. Baba ne ya je ya ɗauko ta, don ya ce ba zai bar mahaifiyarsa ita kaɗai a ƙauye ba. Da mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Zango, cikin Damagaram, aka sauke akwatinta na ƙarfe da tabarma da buta, ita kuma ta sauko rungume da wani babban gwangwanin tumatir. A cikinsa akwai ɗan dashen lemun tsami, siriri kamar tsinken tsintsiya. Daga garkar kakanmu ta ciro shi, can bakin tafki. Garkar ta koma hannun 'yan'uwa. Wannan kaɗai ta taho da shi.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara, Baba kuma yake ce mini uwata. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a lokacin, kuma a ɗakina aka yi mata shimfiɗa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ita da ta fito daga inda ruwa ke kwance yana ƙyalli tsakanin itatuwan dabino, ta fi mu tsoron ɓarnarsa, mu da muka tashi a garin ƙishirwa. Ta ce duk ruwan da ta taɓa sha a rayuwarta sai da ya hau kanta tukuna, don haka ta san nauyinsa. Mu kuwa famfo muke murɗawa, in ya ƙafe a kira 'yan garuwa su turo bido, wato jarkokin ruwa, a kura. Yayana, mai gyaran salula a kasuwa, yakan ciro ruwan leda daga firigo, wato firiji, ya sha rabi, ya wanke fuska, ya jefar da sauran. Mama takan cika buta, ta yi alwala a bayi, ta tuntsurar da abin da ya rage, ya bi rariya ya fita titi. Kaka ba ta faɗa. Sai dai ta bi ruwan da ido har ya ɓace, kamar mai rakiyar baƙo.

Ta dasa lemun a kusurwar tsakar gida, ta kewaye shi da ƙasa kamar bakin tasa, ta rufe gindin da ƙaiƙayi, ta kafa masa 'yar rumfa da tsohuwar tabarma. Da sanyi ya yi ta girma a hankali. Sai bazara ta shigo, famfo ya yi shiru, garin ya koma bin 'yan garuwa. Wata rana Baba ya dawo daga biro, wato ofishinsu, a gajiye, ya tarar ina zuba wa lemun ruwa da moɗa. Cikin ladabi ya yi magana, don Kaka na zaune, amma bai bar ƙofa ba: ruwan da aka saya na mutane ne, ba za a zuba wa itace ba. In Allah ya yi zai rayu, zai kai damina.

Kaka ba ta yi masa musu ba. Da azahar ta ɗauki butarta ta je gindin lemun ta tsuguna. Tun daga ranar can take alwala, kowace salla. Nakan tsaya daga ƙofar ɗaki ina kallo. Ruwan na sauka daga gwiwar hannunta ɗigo-ɗigo, ƙaiƙayin ya yi duhu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso na ɗan lokaci, kamar wata 'yar damina ce ta sauka a wuri ɗaya tak a duk faɗin Damagaram. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa ta hana a kai masa. Ta ce sabulu na ƙona saiwa.

A tsakiyar zafin nan tari da zazzaɓi suka kwantar da ita. Likita ya ba da magani, ya ce ta ɗan nisanci ruwa, sai ta koma taimama da wani sulɓaɓɓen dutse da aka ajiye mata gefen katifa. Ba ta yi ƙorafin ciwo ba. Amma duk wanda ya shigo gaishe ta, sai na ga tana leƙen bayansa ta ƙofa, wajen kusurwar nan.

Na karɓi aikin ban gaya wa kowa ba. Alwalar asuba, magariba da isha nakan yi a gindin lemun, sauran kuwa ina lise. Ganyen ya fara naɗewa da rana, amma yakan buɗe da yamma. Ana haka sai kwanakin da ba na salla suka zo. Ban yi tunaninsu ba sam. Na tsaya da buta a hannu ban da dalilin zuba ruwa, ga dokar Baba. Kafin a ce me, ganye ya fara zuba, kan reshen ya yi launin toka. Kaka ta ga ganyen da iska ta shigo da shi ɗaki, ta ɗauka ta murza, ta shinshina, ta juya fuska bango.

Mama na fara samu. Ban sha wahalar bayani ba, kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta yi dariya, ta ce ita da girmanta ta tsuguna tsakar gida kamar baƙuwa a tasha, alhali ga bayi da siminti. Na ce zan kafa mata zana. Na kafa. Ta je.

Yaya ya fi wuya. Ya ce shi a masallacin kasuwa yake alwala, kuma kimiyya ta wuce nan, in lemu ake so zai sayo wa tsohuwa cikin leda. Kaka ta jiyo daga ɗaki. Da muryarta da tari ya disashe ta ce a gaya wa wannan angon nata, mijin da ba ya iya shayar da itace ɗaya ba ta ga abin da zai shayar da mata ba, ta fasa auren. Yaya ya ce ai dama shi ya rasa hanyar gudu. Amma da magariba na gan shi a bayan zanar, yana nannaɗe hannun riga.

Saura Baba. Shi kam ban iya buɗe baki ba. Abin da na yi, kafin ya dawo, na ɗauke butarsa da 'yar kujerar da yake zama a kai daga bakin rariya, na kai gindin lemun. Ya shigo, ya cire takalmi, ya duba inda ya saba bai ga komai ba. Ya waiga ya hango su.

"Uwata, wa ya kai mini buta can?"

"Ni ce, Baba."

"Ba na ce kada a zuba wa itacen nan ruwan saye ba?"

"Ba za a zuba masa ba, Baba. Alwala kawai za ka yi."

Ya tsaya yana dubana. Ban taɓa mayar masa da magana ba. Ladan ya fara kira, daga ɗaki kuma tarin Kaka ya taso, dogo, har sai da ta nemi numfashi. Baba ya dubi ƙofar. Sannan ya taka a hankali, ya tattare babbar rigarsa, ya zauna a kan kujerar ya yi bisimilla. Washegari da asuba da kansa ya nufi wurin.

Ban san ranar da lemun ya yanke shawarar zama da mu ba. Na dai fito wata safiya na ga wasu 'yan tsiro a jikin reshen da na ɗauka ya mutu, kore shar, masu sheƙi kamar an shafa musu mai. Na tsuguna ina kallonsu har na kusa makara.

Da Kaka ta samu sauƙi, ni da Mama muka riƙo ta muka fito da ita. Duk gidan ya taru, har Baba ya tsaya daga zaure kamar wani abu yake nema. Na zaci za ta yi kuka, ko ta sa mana albarka. Ta dubi sabon ganyen, ta sunkuya da kyar, ta ture ƙaiƙayin, ta tura yatsa cikin ƙasa. Yatsan ya fito da taɓo.

"Takwara," ta ce, "mutanen gidan nan alwala suke yi ko wanka?"

Yaya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita kaɗai da rabin buta ta riƙe shi, mu huɗu mun kusa nutsar da shi, wannan ruwa ai na garka guda ne. Ta aike ni in kwance wani ƙullin tsumma a akwatinta. Irin yakuwa ne da na tattasai da 'ya'yan zogale. A ranar, hadari ko ɗaya babu a sama, ta sa muka faɗaɗa kewayen, Yaya na sara da fartanyar aro yana mita, ita tana zaune kan kujerar Baba tana nuna masa da sanda inda zai sara.

Kafin ruwan farko ya sauka a shekarar, mun ci miyar yakuwa daga tsakar gidanmu. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, suna tambayar ko rijiya muka haƙa a ɓoye. Mama ce ke ba su amsa, tana tsinkar musu ganye, kamar tun farko dabararta ce.