Kaka Ta Fara Ta Hannun Dama

Ina aji ɗaya a kwaleji a Gumel muka yi wani kwas na zanen bayani, wato yadda za ka nuna wa mutum abu da hoto da kibiya ba sai ka yi surutu ba. Na cinye kwas ɗin nan, wallahi cinyewa. Da aka yi hutu na dira ƙauyenmu na wajen Sule Tankarkar ina jin duk ƙaramar hukumar babu gwani kamata.

Na tarar Kaka, mahaifiyar babana, ta yi sabuwar waya ta shafawa. Gwaggona da ke aure a Damagaram ce ta aiko mata ta hannun wani direban Maigatari. Shekara biyu ba su ga juna ba. Kullum ni ke danna musu bidiyo kol, su yi ta hira suna share hawaye. To ranar Lahadi zan koma makaranta, kuma gidan babu mai iya taɓa wayar.

"Angona, in ka tafi wa zai riƙa buɗe min fuskar 'yata?" in ji Kaka.

Na ce, "Amarya, kwantar da hankalinki. Kin auri ƙwararre."

Na yanko kwalin taliya, na zaro alƙaluman maka kala uku. Hoto huɗu na jera reras daga hagu zuwa dama. Na ɗaya yatsa na danna maɓallin gefe, waya ta kawo haske. Na biyu koriyar alamar nan. Na uku fuskar Gwaggo, har da wushiryarta. Na huɗu 'yar kyamarar da ke can sama. Lamba ɗaya zuwa huɗu, kibiyoyi jajaye. Kai, abin ya haɗu! Kafin Kaka ta gani na ɗauka na cilla wa 'yan ajinmu a guruf, alamar wuta kawai ake turo min.

Ranar Juma'a da hantsi na jingina kwalin da randa, na ce bismilla, ni ba zan ce uffan ba.

Kaka ta gyara zama a tabarma, ta dubi kwali, ta dubi waya. Waya baƙa ƙirin, ba ta kunna ba. Sai ta ɗora yatsa can sama ta dangwala. Ta dangwala tsakiya. Ta dangwala ƙasa. Daga ƙarshe ta danna maɓallin gefe, haske ya kawo, ga hotona ɓaro-ɓaro da baƙin gilashi, wanda na sa mata a fuskar wayar.

"Salamu alaikum," in ji ta. Ta saurara. Ta ƙara matso da wayar. "Yo wannan ai kai ne, ɗan nema! Ina 'yata?"

Dariya ta kayar da ni har ƙasa. Ta sake, haka. Ta sake na uku, haka. A nan dariyar ta fara ɗaukewa, don na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ture wayar ta ce, "Bar shi kawai. Kan tsohuwa ya toshe."

Na ce ta yi haƙuri ta ƙara sau ɗaya, amma ta nuna min a kwalin da yatsa. Ta kai yatsa kan hoton kyamara, can ƙarshen dama, ta ce, "Na fara da wannan." Ta taho hagu, ta taho hagu.

Wayyo ni! Matar da tun tana yarinya allo ta sani, kullum da asuba izu take biyawa, ta ina za ta fara karatu in ba dama ba? Lambobina na boko kuwa a wajenta ado ne.

"Kaka, ai ta hagu ake farawa."

"A garin wa? Ko loma ba a farawa da hagu. Wannan ce makarantar da ake tura ka?"

Na juya bayan kwalin. Na sake zanawa, maɓallin gefe a dama, kyamara a hagu, kibiyoyi duk suka juya. Na watsar da lambobi na sa ɗigo: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ce kyamarar ma ba ta yi kama da ta waya ba, ta fi kama da buta. Na gyara ta tana tsaye a kaina kamar malamin jarrabawa.

Na jingina kwalin, na fice bayan zana na laɓe. Shiru. Kaza ta wuce. Sai na ji wayar na ƙugi, sai ga muryar Gwaggo tar: "Inna! Ke da wa?"

"Ni kaɗai! Na kori mijin, ba shi da amfani."

Na yi tsalle har na ture zanan, na faɗo tsakar gida ina ihu, awaki suka watse. Kaka ko kallona ba ta yi ba, ta kafa ido a waya tana tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Lahadi na buga wa kwalin ƙusa a bango kusa da gadonta, na hau mota. Ko Gumel ba mu shiga ba saƙon murya ya shigo daga Gwaggo, tana dariya har da tari: "Kai ɗan nan, me ka koya wa Inna? Kira na uku ke nan, tuwona na kan wuta!"