Wankan Arzika a Kasuwar Filinge

Abubuwa da yawa sun fita kaina, amma ban da ranar da aka yi wa Arzika wanka a tsakiyar kasuwar Filinge. Ku da kuke tsaron kanti yanzu, ku saurara.

A ƙarshen mulkin Faransa ina aiki a kantin wani Anasara da muke kira Jan Wuya. Shi ne mai kanti, a ƙarƙashinsa akwai komi, wato magatakarda, Mushe Sumaila, Malam Sumaila ke nan a bakin Faransa, sai ni a teburin ƙofar kanti ina sayar wa mata kaya. Shekarar nan aka kawo sabuni mai ƙamshi, katan a kan katan, ya ƙi fita. Matan ƙasarmu ta Kurfai suna da sabuninsu na toka, me za su yi da na Anasara? Jan Wuya ya ce in kaka ta wuce bai ƙare ba, zai ɗauke teburin, ni kuma in koma gida daka.

Sai Sumaila ya kawo dabara. Ya ce a birni hoton ɗan dambe ake mannawa a jikin kaya, mutane su saya don su yi kama da shi. Mu kuwa muna da Arzika na garin Damana, ɗan kokawar da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. A yi masa wanka da sabunin a gaban jama'a, ya shiga fili ya kā da mutum, kowa ya ga ƙarfin sabuni. Aka yi wa Arzika alkawarin keke, ya yarda tun kafin a rufe baki.

Ranar kasuwa aka kafa baho, makaɗa suka taru. Sumaila da kansa ya cuɗa shi, kumfa har kunne, yana shelar cewa wannan shi ne sirrin zakara. Ana cikin ɗauraya sai ga gwaggon Arzika, tsohuwar 'yar bori, ta keto taro da sandarta. Ashe tun yana yaro ita ke shafa masa maganin kokawa, kuma ba ya wanke shi sai an tashi daga fili.

Ta dubi ruwan bahon, ta ce, "Kai ɗan nan, mi ka bari a jikinka? Wahalata duka ga ta nan tana kumfa."

Arzika ya tsaya yana ƙamshi kamar amarya, a haka ya shiga fili. Abokin karawarsa wani siririn manomi ne daga Bankuku, Nomau, wanda aka zaɓo musamman don ya faɗi. Nomau ya kama shi da niyyar faɗuwar, sai ya ga Arzika ya riga shi zuwa ƙasa. Nomau ya tsaya yana ba Jan Wuya haƙuri.

Na naɗe tabarmata, na ce aiki ya ƙare. Ban kai ga ɗaure kaya ba wata mata ta matso, ta rage murya, ta ce, "Inna, shi ne sabunin da ke wanke asiri?" Na dube ta da kyau. Na ce ni dai abin da ta gani shi na gani. Ta sayi biyu. Bayanta wani mai tsoron sammu a gonarsa, bayansa 'yan kokawar Bankuku, wai za su jiƙa shi su yayyafa a filin Damana. Kafin la'asar katan ko ɗaya bai rage ba.

Jan Wuya ya yi ta jinjina wa Sumaila, har ya bar ƙasar nan yana zaton tsabta mutanen Kurfai suka koya. Ba wanda ya gyara masa. Teburina ya tsaya. Arzika ya samu kekensa, ya tura shi har Damana, gwaggo na biye tana faɗa.

Abin da na ɗauka a aikin nan ke nan: mai talla yana faɗin dalilinsa da ƙarfi, mai saye yana riƙe da nasa a ciki. In mace ta rage murya a gaban teburinku, ku daina surutu ku ji abin da ta zo saye.