Mai Jego a Bayan Saba

A kamfanin jigilar kayan da take aiki, kowa Injiniya yake ce mata, har manaja. A gida kuwa har yau Auta ce, ko da yake ta yi aure ta haifi biyu. Mahaifinta mai gyaran firji ne, a shagonsa ta tashi tana miƙa masa kayan aiki, kuma can ta kwaso wata ɗabi'a: ba ta wuce na'ura sai ta ɗora bayan hannunta a kai, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa. Mijinta yakan ce ko gaisuwa suka je, talabijin ɗin mutane ba ta tsira.

Aikinta shi ne kula da kwamfutocin ofis, musamman babbar da ake kira saba, wadda ke kulle a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, da duk bayanan kaya da motoci a cikinta. Ana nan sai sabar ta tsiro da sabon hali. Da rana ta take sai ta kama kuka, ta rubuta gargaɗin cewa zafi ya yi yawa, ta kashe kanta. Aiki ya tsaya cak, direbobi su cika ofis suna jiran takardun tafiya, akanta ya leƙo yana tambaya ko yau ma hutun dole ne.

Injiniya ta fara duba na'urar sanyaya ɗakin, ta tarar lafiyarta ƙalau. Ta janye kwalayen da aka jingine kusa da injin, bai hana ba. Da ta kwance murfin, sai ta ga fankokin ciki sun toshe da wani lallausan gashi fari da ruwan toka. Ta share tas, sabar ta yi 'yan kwanaki lafiya, sannan ta koma halinta.

Wannan karon ta durƙusa, ta haska fitilar wayarta a bayan durowar ƙarfen da sabar ke ciki. Idanu biyu suka haska ta. Wata kyanwa ce kwance daidai inda iska mai ɗumi ke fita, 'ya'yanta na tsotso. Ta ramin da aka huda wa wayoyin lantarki a bango take shigowa. A gefe kuma ga ɗan faranti da sauran madara.

Dariya ta kama Injiniya, don bayan ita, mutum ɗaya ne ke da makullin ɗakin. Ta ɗauki farantin ta ajiye a teburin akanta. Dattijon, wanda kullum yake cewa bai ƙi jinin komai ba kamar kyanwa, ya gyara tabarau ya sosa ƙeya.

"'Yata, har yanzu ba son su nake ba," in ji shi. "Amma mai jego ce, ya zan yi?"

Tare suka kwashe iyalin zuwa sito, cikin kwali da tsohuwar rigar sanyin akanta. Injiniya ta toshe ramin da raga, ta sake share fankokin, sabar ta daina kashe kanta.

Da 'ya'yan suka yi wayo, direbobi suka rarrabe su, ita ma ta tafi da ɗaya gida. Mijinta ya rantse ba za ta kwana musu a ɗaki ba. Yanzu idan kyanwar ta riga shi hawa kujerarsa, shi yake neman wani wurin zama.