Kukar da ke bisa ganuwar Kawu

Na so in bar wannan labari a cikina, don ni na yi ɓarnar. Amma tunda Kawu da kansa ya fara ba da shi a ƙofar masallaci yana ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakina.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, gonarsa tana wajen Tamawa a ƙasar Kurfi. Gabas da ita akwai wani dogon tudun ƙasa da ya kai ƙugun mutum, ya lanƙwasa ya shige gonakin mutane, da kwari a gindinsa mai riƙe danshi har bayan kaka. Ganuwa muke ce masa. Kawu ya ce kakansa ne ya tara ƙasar don ta zama iyaka, saboda haka tudun da kwarin duk nasa ne. Maƙwabcinsa, wani Alhaji mai cinikin awaki, ya ce sam. Da shaidu suka ƙare, mai unguwa ya yanke cewa Kawu zai rantse da Alƙur'ani a wurin. In ya rantse, ya ci.

Ana saura kwana biyu na haɗu da wani malami a teburin mai shayi a Dutsin-Ma. Aikinsa bin tsofaffin kufai. Ya nuna mani hoton ƙasarmu daga sama a wayarsa, ga wani zobe nan kwance cikin gonaki. Na ce, "Malam, ai wannan ganuwar kawuna ce." A raina na ce na samo wa Kawu shaidar boko. Ni da na ja mota har Agadas da Kwatano, ai na san darajar shaida.

Ranar rantsuwar muka isa da hantsi, ni da malamin. Mutane tsaye, ba mai dariya. Liman na riƙe da Alƙur'ani cikin gafaka, Kawu ya yi alwala, hannunsa bai ma bushe ba. 'Ya'yan Alhaji na gefe da fartanya a kafaɗa, alhali ba ranar noma ba ce.

Mai unguwa ya ba baƙo izinin dubawa. Ya durƙusa inda ruwa ya zaizaye tudun, yana kankarewa da ɗan cokalin magina. Ya ciro tsingaron tukunya mai zane, da kashin maƙera, sannan gawayi daga can ƙasa, ya ƙulle a leda.

Alhaji ya ce, "To Malam, mi ka gani? Shekara nawa?"

"Alhaji, sai an kai gawayin nan an auna, kuma sai an yi watanni. Yanzu ba ni da ta cewa."

Na lura malamin ya ɗaga ido ya dubi ƙatuwar kukar da ke tsaye bisa tudun, ya dubi Kawu, ya sunkuyar da kai. Shi ya gane, ya kama bakinsa. Ni ma na gane, amma nawa bakin ba shi da birki.

Na ce, "Haba Malam, sai an je wani awo? Ga kuka nan a saman tudun, saiwarta ta ratsa shi. Ai sai da tudun ya zauna kafin ta tsiro. Kuma Kawu, ba kai ke gaya mana a inuwarta kakanka ya fara sauke kayansa ba, ran da ya zo saran daji?"

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa: tudun ya girmi kakan Kawu ke nan.

Ɗan Alhaji ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa. Babban ɗan Kawu ya matso har ina jin numfashinsa a ƙeyata. Liman ya buɗe gafaka duk da haka, ya miƙo Littafin, don ba a janye hukunci ba.

Mai unguwa ya dubi Kawu ya ce, "Malam, ko yanzu ka dafa, taka ce."

Kawu ya miƙa hannu. Ya daɗe yana kallon kukar nan kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya mayar da hannun cikin aljihu.

"Abin da ubana ya gaya mani na faɗa. Amma ban gani ba. Ba ni dafawa."

Aka raba kwarin biyu, tudun kuwa aka ce kowa ya ɗauke garmarsa daga kansa. Rabin wurin da Kawu ke shuka dankali ya tafi.

Na ɗauko Kawu a mota zuwa gida, ya juya fuskarsa wajen taga. Na yi ta tari, na yaba damina, na zagi ramukan hanya, shiru. Da na tsaya a ƙofar gidansa ya sauko da ƙafa ɗaya, ya juyo ya dube ni.

"Ɗan nan, ka raba ni da rantsuwar da ban sani ba, na gode. Amma duk yawon duniyar nan taka, ba ka taɓa sauka garin da ake koya wa mutum yin shiru ba?"